Kwaɗo a Ƙofar Shago: Harajin da Ke Kanka, da Wanda Ba Ya Kanka, da Inda Za Ka Kai Kuka

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako, ga waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba.)

Ina gaida 'yan kasuwar Samaru da na Sabon Gari, teloli, masu shayi, masu gyaran waya a PZ, masu abinci a Kwangila, da 'yan uwana masu fotokwafi da ke gaban jami'a. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.

Yau maganar haraji za mu yi. Na san da jin kalmar nan wani har ya ɗaure fuska. To a yi haƙuri a zauna, don saƙonnin da suka fi shigo mana a watan nan duk a kanta suke. Wani ya ce an rufe masa shago, wata ta ce sau uku ana karɓar kuɗin shara a wurinta cikin shekara ɗaya, wani kuma ya ce an kawo masa takarda da adadin da ko jarinsa bai kai ba. Ni ba lauya ba ne, mai shago ne kamar ku. Amma an taɓa cin kuɗina a banza sau ɗaya, saura ƙiris kuma in jawo wa kaina asara mafi girma a karo na biyu. Abin da na koya shi ne: rigimar haraji ba a cin ta da ɗaga murya, ba a kuma cin ta da cusa wa wani kuɗi a aljihu. Da takarda ake cin ta, kuma a kan lokaci.

Bari in fara da inda aka cuce ni.

Wata ranar Talata da hantsi, ina tsaka da buga wa wata ɗaliba aikinta, sai ga mutum uku da riguna masu ƙyalli, ɗaya riƙe da kwaɗo, ɗaya da littafin rasit. Suka ce daga gwamnati suke, ana bi na kuɗin allon talla da na shara da na wurin sana'a, jimilla naira 35,000, in biya yanzu ko su rufe. Shago cike da kwastomomi, kunya ta kama ni. Na ja babbansu gefe, na ce, “Yallaɓai, a duba mini.” Aka yi ciniki kamar na akuya a kasuwa, aka tsaya a 12,000. Na ƙirga na ba shi a hannu, ya yago mini rasit, suka wuce. Har ina ganin na yi wayo.

Da yamma maƙwabcina, wani dattijon tela da ya fi shekara talatin a layinmu, ya ce, “Yaro, kawo rasit ɗin in gani.” Ya juya shi gaba da baya, ya ce, “Ina lamba? Ina sunan ofis? Ina sunan wanda ya karɓa?” Na ce, “Baba, ai ga hatimi nan.” Ya yi dariya ya ce, “Hatimi ai ko ni in na so, gobe za a sassaƙa mini.” Bayan wata uku takardar gaskiya ta zo, na je ofis da rasit ɗina, aka duba a kwamfuta, babu ko sisi da ya shiga da sunana. Har yau ban san ko su wane ne mutanen nan uku ba. Sai da na sake biya.

To, me ya sa aka ci ni? Saboda ban san wa ke da hakkin karɓar me ba, kuma ban san yadda ake biya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka mu fara toshe tsagar.

A Najeriya masu karɓar haraji hawa uku ne: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma. Kowa da gonarsa.

Tarayya ita ke karɓar harajin kamfanoni da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Hukumar da muka sani da FIRS ce ke wannan aiki, yanzu kuma sunanta ya koma NRS. Nan akwai wani abu da ke rikita mutane sosai. Idan ka je CAC ka yi rajistar sunan kasuwanci kawai, a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne, ribar shagon kuɗin shigarka ce, harajinta kuma na jihar da kake zaune ne. Idan kuwa kamfani ka yi wa rajista, irin mai “Limited” a ƙarshen suna, to kamfanin ya zama mutum mai zaman kansa, harajin ribarsa na tarayya ne. Amma albashin da kamfanin ke biyan ka da yaranka, harajinsa na jiha ne. Ka gane bambancin? Yawancinmu a Samaru da Sabon Gari muna rukunin farko ne, ko ma ba mu da rajista sam. Mu da jiha za mu yi.

Jiha, wato hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna, KADIRS, tana karɓar harajin kuɗin shigar mutum, ko ma'aikaci ne ko mai sana'ar kansa. Akwai kuma kuɗin rajistar wurin kasuwanci da sabunta shi duk shekara, da kuɗin takardun mota da babur, da kuɗin ƙasa na filayen da ke da takardar gwamnatin jiha, da kuɗin raya ƙasa, wanda dokar jiha ta 2020 ta yanka naira 1,000 a shekara kan baligi.

Ƙaramar hukuma kuma, mu nan Samaru da Sabon Gari duk muna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, banɗakunan jama'a, shaguna da kes-kes, gidajen abinci, gidajen burodi, allunan talla, da kwashe shara. Daga nan ne kuɗin shago, kuɗin kasuwa, kuɗin tasha da kuɗin kwata suka samo asali.

Akwai wata tsohuwar doka ta 1998, ta zamanin soja, da ta jera wannan rabo dalla-dalla, ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ta kuma yanka tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ga wanda ya karɓa ba da izini ba. Za ku ji mutane na yawan kafa hujja da ita. Amma a sani, a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ta a wata shari'a tsakanin Ƙaramar Hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, bisa dalilin cewa ta ɗora kanta sama da Tsarin Mulki. Don haka kada ka jingina da ita ita kaɗai. Mu a nan muna da abin da ya fi ta kusa da mu.

A 2016, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, Jihar Kaduna ta yi dokar da ta tattara haraje-harajen jihar cikin kundi ɗaya, aka sake sabunta ta a 2020. Abu biyu nake so ku riƙe daga cikinta. Na farko, kowane haraji na halal yana da suna da adadi a rubuce. Duk wanda ya zo da wani kuɗi, tambayarka ta farko ita ce: mene ne sunansa, kuma a ina yake a doka? Na biyu, dokar ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu. Ana biya ne ta banki ko ta hanyar na'ura, a asusun gwamnati, kuma yanzu akwai shafin PayKaduna da ake fitar da takardar biya mai lamba. Da na san wannan ranar Talatar nan, da 12,000 ɗina na aljihuna. Domin harajin gaskiya ba a cinikinsa a bakin ƙofa. Duk wanda ya ce maka “kawo rabi a hannu mu kashe maganar”, ko ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum ya ce ka yi tiransifa, wallahi ba gwamnati kake biya ba.

Sannan a bambance haraji da abin da ba haraji ba. Kuɗin hayar rumfa ko shago haya ce, ko da mai kasuwar gwamnati ce. Kuɗin ƙungiya da kuɗin maigadi yarjejeniya ce tsakaninku. Suna da amfaninsu, amma rasit ɗin ƙungiya ba zai tsaya maka a ofishin haraji ba.

Wani zai ce, to mu da ma kakanninmu sun sha fama da haraji, har yaushe? Gaskiya ne. A ƙasar Zazzau tun kafin Turawa akwai kuɗin garma a kan manoma, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu. Dattawanmu kuma suna tuna 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Amma abin da aka soke wancan lokacin harajin kai ne, wanda ake ɗora wa talaka ko ya samu ko bai samu ba. Harajin kuɗin shiga yana nan, sashe na 24 na Tsarin Mulki ma ya sa shi cikin wajiban ɗan ƙasa: ka faɗi gaskiyar abin da kake samu, ka biya a kan lokaci. Kuma jiha ba wasa take da shi ba. Abin da Kaduna ke tarawa a cikin gida bai kai naira biliyan 20 ba a 2015, amma ya haura biliyan 44 a 2019, ya haura biliyan 50 a 2020. Wato dai za su zo. Gara su same ka a shirye.

Yanzu ga labari mai ɗan daɗi. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka fara aiki da sabon tsarin ranar 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinsa, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, daga nan abin ya riƙa hawa har zuwa kashi 25 ga manyan masu samu. Kuma a lura, ga mai sana'a, riba ake dubawa, ba ciniki ba.

Mu yi misali. A ce tela ne a Hayin Dogo, cinikinsa na shekara naira miliyan 3.6. Ya kashe miliyan 2.4 a hayar shago, zare, man janareto, gyaran keke da sallamar yara. Riba ta zama miliyan 1.2. A cire 800,000, saura 400,000. Kashi 15 na wannan shi ne 60,000. Idan kuma gidan haya yake zaune, sabuwar dokar ta ba shi rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar gidan, iyakarsa 500,000. In yana biyan 300,000 a shekara, sai a rage 60,000 daga abin da za a yi lissafi a kai, harajin ya sauko zuwa 51,000. Wannan lissafi na abin da aka samu daga 2026 zuwa gaba ne. Shekarun baya da tsohon ma'auni ake auna su.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Wa zai yarda cewa ka kashe miliyan 2.4 in ba ka rubuta ba? Idan ba ka da littafi, ba ka kuma kai bayanin kuɗin shigarka ba, doka ta ba hukuma dama ta ƙiyasta maka. Za su dubi girman shago, da unguwa, da irin sana'a, su yanka. Ba zalunci ba ne a doka, kai ne ka bar musu alƙalami. Wa'adin kai bayanin shekarar da ta wuce shi ne 31 ga Maris. Mai ma'aikata kuma yana tura harajin albashinsu kafin 10 ga watan da ke biye, ya kai bayanin shekara kafin 31 ga Janairu.

Wannan ya kawo ni labarina na biyu, wanda laifin duk nawa ne.

Kun tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Duk wanda ke Samaru ya san yadda garin ya mutu. Mu masu fotokwafi sai mu wuni muna korar ƙuda. Da shekara ta juyo, ban kai bayanin komai ba, a raina ina cewa ai kowa ya san ba a yi kasuwa ba. Sai aka kawo mini takardar ƙiyasi, naira 180,000, lissafin wata goma sha biyu cif. Na karanta, raina ya ɓaci, na cusa ta ƙarƙashin injin, na ce su zo su kashe ni.

Allah da ikonSa, wani lauya da ke kawo mini aiki ya zo, ina ɗaga injin in ciro takarda da ta maƙale, sai ga ta ta faɗo. Ya ɗauka ya duba kwanan wata, ya dube ni. Ya ce, “Malam, yaushe aka ba ka wannan?” Na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsu ya ce, “Yau kwana 26. Saura maka huɗu.” Na ce, “Huɗu na me, Barista?” Ya ce, “Na yin magana. In suka wuce, wannan adadin ya zama bashi tabbatacce a wuyanka, ko daidai ne ko ba daidai ba.”

Jama'a, in ba ku riƙe komai a shirin yau ba, ku riƙe wannan: kwana 30. Daga ranar da aka miƙa maka takardar ƙiyasi kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi. Ba ƙorafin baki ba, ba aika ɗan uwanka da ya san wani a ofis ba. A rubuce.

A daren nan muka zauna. Ga abin da ya sa muka rubuta, kuma shi ne tsarin da kowa zai iya bi. Sunana da adireshin shago da lambar harajina. Lambar takardar da aka aiko da kwanan watanta. Sai jimla ɗaya mai cewa ban amince da wannan adadi ba. Sai dalilai, ɗaya bayan ɗaya: jami'a ta kasance a rufe wata takwas, ga kwafin littafin cinikina, ga bayanin asusuna na banki, ga rasit na haya da na takarda da tawada. Sai abin da ni na lissafa cewa shi ne daidai. Sai sa hannu da kwanan wata. Ya ce in yi kwafi biyu, in kai ɗaya, a buga mini hatimin “an karɓa” da kwanan wata a kan ɗayan, in dawo da shi gida. Ya ce wannan kwafin mai hatimi ya fi kwaɗon shagona daraja. Ya kuma ce in biya abin da na yarda da shi tun kafin a amsa, don a ga ba gudu nake ba.

Abin da ya cece ni shi ne wani littafin 'yan makaranta mai shafi 80 da yarona ke rubuta cinikin kullum a ciki, don kada mu yi rigima ni da shi. Ban taɓa tunanin zai yi mini aiki a ofishin gwamnati ba. Aka kira ni, aka duba, aka yi tambayoyi, aka sake lissafi. Abin ya dawo ƙasa da naira 50,000. Ba wanda na ba ko sisi, ba wanda na zaga. A sabuwar dokar ma an ƙara wa mai ƙorafi ƙarfi: hukuma na da kwana 90 ta ba da amsa, in ba ta amsa ba, ana ɗaukar ƙorafin ya karɓu.

To idan an ƙi fa? Nan ne maganar neman taimakon shari'a ta shigo, kuma hawa-hawa ce.

Hawa na farko, ƙungiyarku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan abu ɗaya ne ke damun layi guda, kamar karɓar kuɗi iri ɗaya sau biyu, takarda ɗaya da sa hannun mutum hamsin ta fi hamsin masu gunaguni. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya, abin zai zo da sauƙi.

Hawa na biyu, kotun sauraron ƙararrakin haraji. An kafa ta ne a ƙarƙashin dokar 2007, kuma ta shiyyar Arewa maso Yamma a garin Kaduna take zama, ba sai ka je Abuja ba. Idan hukuma ta ƙi gyara ƙiyasin harajin kuɗin shigarka, kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara can. Kana iya tsayawa da kanka, kana iya tura lauya ko akanta. Wanda bai gamsu da hukuncinta ba ta fuskar doka, sai ya wuce Babbar Kotun Tarayya.

Hawa na uku, idan an rufe maka shago ko an kwashe kaya ba bisa ƙa'ida ba. Rufe shago mataki ne na ƙarshe, yana zuwa ne bayan an aiko ƙiyasi, wa'adi ya wuce, an aiko takardar neman biya, ba a biya ba. Ba a fara sallama da kwaɗo. In sun zo, nemi katin shaidar aiki, nemi takardar izinin da suka zo da ita, ɗauki hotonta. Kada ka yi faɗa, kada ka zagi kowa, kuma don Allah kada ka fasa kwaɗon da dare, domin nan take ka mai da maganar kuɗi ta zama maganar laifi. Rubuta jerin kayan da aka ɗauka, ka samu maƙwabta biyu su shaida. Sannan ka nemi lauya. Babbar Kotun Jiha tana zama a nan Zariya, tana da ikon ba da umarnin a buɗe ko a dakata har a saurari magana.

Wanda ba shi da kuɗin lauya fa? Akwai ƙofofi. Tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana da sashen ba da shawarar shari'a kyauta, inda ɗalibai ke aiki ƙarƙashin kulawar malamansu. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana da reshe a Zariya, ana iya tambayar waɗanda ke taimaka wa marasa ƙarfi. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, kuma aikinta tsaya wa masu ƙaramin ƙarfi ne, musamman in abin ya kai ga kamu ko tsarewa. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, tun 1975 take, tana karɓar ƙorafi kan ma'aikatun gwamnati ba tare da an biya ba. Sababbin dokokin 2025 kuma sun ƙirƙiro ofishi na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji kan yadda jami'ai ke mu'amala da su. Shi ba ya yanke yawan harajin da za ka biya, amma cin zarafi da jan ƙafa da rashin amsa takarda, nan ne wurinsu.

In za ka je wurin lauya, ga shawara daga wanda ya je. Kada ka je da labari kawai. Tafi da fayil: takardar da aka aiko, ranar da ka karɓe ta, duk rasit, littafin ciniki, hotuna. Faɗa masa gaskiya, har da shekarun da ba ka biya ba, don kada ya ji ta a bakin abokin shari'a. Tambayi kuɗin aikinsa tun farko, a rubuta. Duba cewa takardun da ya shirya suna ɗauke da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi, don akwai masu yawo da baƙar kwat a harabar kotu da ba lauyoyi ba ne. Sannan ka auna: idan rigimar ta naira 15,000 ce, shawarar awa ɗaya da wasiƙa mai kyau sun wadatar, ba sai an shiga kotu ba. Lauyan kirki shi zai fara faɗa maka haka.

Wata 'yar uwa mai sayar da abinci a Palladan ta aiko tambaya: “Ni da ba na boko, yaya zan yi da duk wannan rubuce-rubuce?” Hajiya, ba sai da Turanci ba. Littafin ciniki ko da Hausa ne, ko da ajami ne, littafi ne. Shafi biyu: abin da ya shigo, abin da ya fita, da kwanan wata. Ɗanki ko 'yarki na sakandare za su iya cikin minti biyar kowane dare. Kowane rasit kuma a ɗauki hotonsa a waya, don irin takardar na'urar POS rubutunta gogewa yake cikin 'yan watanni. Kuma amfanin abin bai tsaya a rigima ba. Takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku na baya, ana neman ta wajen kwangilar gwamnati da harkar takardun fili da wasu lamuran banki. Ranar da dama ta zo, wanda ke da ita shi ke shiga.

Kafin mu rufe, wani zai ce, mun biya, me aka yi mana? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ni ma ina yin ta duk damina in na ga kwatar layinmu ta cika ta shigo shaguna. Amma na lura da wani abu. Ranar da muka je sakatariya kan maganar kwatar nan, mu takwas, kowa da rasit ɗinsa na gaskiya a hannu, yadda aka saurare mu daban ne. Wanda ya biya a asusun gwamnati yana da bakin tambaya. Wanda ya biya a aljihun wani, da wa zai yi?

Don haka aikin gida na wannan mako: ka ɗaga injinka, ka buɗe durowarka, ka duba ƙarƙashin tabarma. In akwai takardar da ka ɓoye saboda ɓacin rai, ciro ta yau ka duba kwanan wata, ka ƙirga. In kuma ba ka da littafin ciniki, saya gobe da safe.

Nan za mu dasa aya. Wanda ke da tambaya ya ajiye ta a ƙasan wannan rubutu, amma don Allah kada a sa sunan kowa ko lambar wayar wani, kuma kada a ɗora hoton takarda ba a rufe suna da lamba ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana kan yarjejeniyar hayar shago da abin da doka ta ce kafin a tashe ka. A tura wa maƙwabcin shago wannan, wataƙila tasa takardar na kan kwana na 26.

Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum.